Tukwanen Ladi Kwali A Landan: Guɗar Me Muke Yi?

Shekarar 2025 ta zo wa gidan zane-zanen Tate na ƙasar Birtaniya da abubuwa biyu waɗanda suka sa sunan Nijeriya ya yi ta yawo a jaridu. Na farko, a watan Oktoba reshen gidan da ake kira Tate Modern a birnin Landan ya buɗe wani gagarumin baje koli mai suna Nigerian Modernism, inda aka jera ayyuka sama da 250 na masu zane da sassaƙa da ginin tukwane fiye da 50. Na biyu, ran 9 ga Disamba aka ba wata baiwar Allah mai suna Nnena Kalu, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, Kyautar Turner, wato kyautar da ta fi kowace suna a fagen zane a ƙasar. Tun daga nan guɗa ta kaure, wai an karrama mu, wai duniya ta san da zamanmu. To, mu dai ba mu shiga wannan guɗa ba, kuma za mu faɗi dalilinmu ko da zai yi wa wasu ɗaci, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari mu fara da gidan kansa, saboda mai karatun da bai san shi ba. Wani attajirin sukari mai suna Henry Tate ne ya ba da kuɗin ginin farko da zane-zanen da ya tara, aka buɗe a 1897. Yau gidan yana da rassa huɗu, biyu a Landan, ɗaya a Liverpool, ɗaya a St Ives. Mallakar jama'a ne. Gwamnati na ba da wani kaso na kuɗin tafiyar da shi, sauran kuma daga tikiti da ciniki da gudummawar masu hannu da shuni. A rassan Landan, ɗakunan da ke ɗauke da kayan gidan na dindindin kyauta ake shigarsu, amma manyan baje koli na ɗan lokaci sai an yanki tikiti. A riƙe wannan bambanci, domin a kansa maganarmu ta tsaya.

A shekarar 2025 Tate Modern ya cika shekara 25 da buɗewa a cikin tsohuwar tashar wutar lantarki da ke bakin kogin Thames, kuma a shekarar ce aka cika shekara 250 da haihuwar J.M.W. Turner, mai zanen da kyautar ta ci sunansa. Saboda haka shekarar cike take da shagali. An baje ayyukan Do Ho Suh na Koriya ta Kudu, an baje na Emily Kam Kngwarray, tsohuwar nan daga cikin 'yan asalin Ostareliya, an baje hotunan Lee Miller, sannan a ƙarshen shekara aka haɗa Turner da abokin gogayyarsa Constable. Wato Nijeriya ɗaya ce daga cikin jerin baƙin da aka tsara wa shekarar. Layi ne ya zo kanmu, kamar yadda zai wuce mu ya tafi kan wasu.

Ba mu ce abin da aka baje ƙarami ba ne. Akwai Ben Enwonwu. Akwai samarin nan da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Jimo Akolo, lokacin suna ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Su ne suka ƙi yarda a ce sai zanen da ya bi sawun Turawa ne zane, har aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Sannan akwai Ladi Kwali, wadda a kanta za mu ɗan dakata.

Ladi Kwali Bagwariya ce daga garin Kwali, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun danginta, da hannu da ƙasa, tana zana kunama da kada da ƙadangare da tsuntsu a jikin tulu. Tun kafin wani Bature ya san da ita, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya gane gwanintarta, yana tara tukwanenta a fadarsa. A can ne Michael Cardew, Baturen da ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, wanda yau ake kira Suleja, ya fara ganin aikinta. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. An nuna tukwanenta a Landan tun 1958. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984.

To, jama'a, a yi lissafi. Daga 1958 zuwa 2025 shekara 67 ke nan. Daga rasuwarta zuwa wannan baje koli shekara 41. Idan maƙwabcinka ya zo yi maka barka da haihuwa ranar da ɗan ya yi furfura, za ka karɓe shi da fara'a, ka shimfiɗa masa tabarma, amma ba za ka kira maroƙa su yi masa kirari ba. Abin da Tate ya yi biyan bashi ne wanda ya daɗe, kuma ba a yi wa mai biyan bashi guɗa. Abin takaici ma shi ne yadda wasunmu suka fara ambaton sunan matar nan sai bayan da Landan ta ambace shi, alhali Sarkin Abuja ya riga Landan gani. Yaushe muka zama mutanen da ba sa yarda da idonsu sai wani ya sa musu hannu?

Bugu da ƙari, baje koli irin wannan kasuwar ƙauye ce, ranar ci gare ta. Da yawa daga cikin kayan aro ne daga gidajen masu tarawa da wasu gidajen tarihi, kuma da an rufe kowane zai koma inda ya fito. Wa ya gani? Wanda yake da biza da kuɗin jirgi da kuɗin tikiti. Matan da ke ginin tukwane a Kwali ba su gani ba. Ɗaliban sashen zane na Zariya, magadan 'yan tawayen, 'yan ƙalilan ne a cikinsu za su iya zuwa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Wa kuma ya ci riba? Kowa ya san cewa zanen da ya kwana a bangon babban gida irin Tate farashinsa tashi yake yi. Tun a 2018 aka sayar da zanen Enwonwu mai suna Tutu a wata kasuwar gwanjo ta Landan kan fam miliyan 1.2. Duk lokacin da farashi ya ƙara sama, damar da wani gidan jama'a a Nijeriya yake da ita ta mallakar irin waɗannan ayyuka ƙara nisa take yi. Muna tafi, kayan na ƙara fin ƙarfinmu.

Mu koma kan kyautar. An kafa Kyautar Turner a 1984, kuma wanda ya ci a 2025 fam 25,000 ya samu, sauran ukun da suka kai zagayen ƙarshe fam 10,000 kowannensu. Ta yi suna ne ta hanyar ta da ƙura. A 1995 Damien Hirst ya ci, mutumin da ya tsaga saniya da ɗan maraƙinta ya tsoma su a ruwan magani cikin akwatunan gilashi. A 1999 Tracey Emin ta kawo gadonta yadda ta tashi ta bar shi. Ba ita ta ci ba, amma ita aka fi tunawa. A 2001 Martin Creed ya ci da ɗaki fayau wanda fitila ke kamawa tana mutuwa. Kowace shekara jaridu su yi ta ce-ce-ku-ce, 'yan caca su sa kuɗi, a yi liyafa, a watse. An mai da aikin da mutum ya yi shekaru yana yi tamkar sukuwar dawaki. Su kansu masu zanen sun gaji da haka: a 2019 mutum huɗun da suka kai ƙarshe suka roƙi alƙalai kada a fifita kowa, aka raba musu kyautar tare. A 2020 kuma, saboda annobar korona, ba a yi gasar ba, aka ba mutum goma tallafin fam 10,000 kowanne, kuma ba mu ji an ce zane ya mutu a Birtaniya a shekarar ba.

Nnena Kalu fa? An haife ta a Glasgow a 1966. Tana da lalurar da ke sa koyo ya yi mata wuya, maganarta kuma taƙaitacciya ce, kuma ita ce mai irin wannan lalura ta farko da ta ci kyautar. Aikinta naɗi ne: ƙyalle da leda da igiya da zaren tsohon kaset ɗin bidiyo take naɗawa, ta naɗa, ta sake naɗawa, har su zama manyan dunƙule masu launi da ake ratayawa, sannan tana zana da'ira kan da'ira a manyan takardu. Ta cancanci abin da ta samu, ba mu da ja. Amma abin da masu guɗa suka tsallake shi ne, tun 1999 take aiki a ƙarƙashin wata ƙungiya ta Landan mai suna ActionSpace, wadda ke ba masu irin lalurarta ɗakin aiki da kayan aiki da mai taimako. Shekara 26 ana reno kafin a kai daren da aka kira sunanta a Bradford. Wannan reno shi ne labarin. Da me muka taimaka a cikinsa, da har za mu zo rabon yabo don sunanta na Nijeriya ne? Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: yarinya mai irin wannan lalura a unguwanninmu, takarda da alƙalami ake miƙa mata, ko ƙoƙon bara, ko kuwa ƙulle a ƙuryar ɗaki don kada baƙi su gani? Kayan aro ba ya rufe katara. Haka aka yi da Chris Ofili ya ci a 1998. Aka yi ta murnar ɗan Nijeriya, alhali a Manchester aka haife shi, makarantun Ingila ne suka rene shi.

Mun san za a ce mana 'yan baƙin ciki ne, za a ce da babu gara ba daɗi. Mun ji, kuma mun yarda da rabin maganar. Waɗanda suka shirya baje kolin sun yi aikin bincike na gaske, kuma yaran 'yan Nijeriya da ke zaune a Ingila sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Mun kuma san cewa a 2011 Tate ya kafa kwamiti na musamman don sayen ayyukan Afirka, a 2013 kuma ya yi wa Ibrahim El-Salahi na Sudan baje koli shi kaɗai. Amma a nan ne ma ma'auninmu yake. Ba da daren liyafa ake auna gidan jama'a ba, ba kuma da baje kolin wata bakwai ba. Ana auna shi da abin da ya saya ya ajiye, ya rataye a ɗakin da talaka ke shiga kyauta, shekara da shekaru, bayan 'yan jarida sun tafi. Ranar da ɗan makaranta a Landan zai tarar da tulun Ladi Kwali da zanen Uche Okeke a irin wannan ɗaki ba tare da wani biki ba, ranar za mu ce Tate ya sauya. Kafin nan, muna kallo.

Da wannan ma'aunin kuma za mu auna kanmu. Hoton Ladi Kwali yana bayan takardar naira 20. Mutum nawa cikin masu kashe ta suka san ko wace ce, kuma nawa suka taɓa ganin tulunta ido da ido? An sa wa cibiyar Suleja sunanta, jaridu kuma sun sha kawo rahoton yadda aka bar ta ta lalace. An kafa hukumar gidan zane-zane ta ƙasa tun 1993. Mai karatu ya faɗa mana baje koli ɗaya nata da ya taɓa kai 'ya'yansa. Ba katafaren gini muke nema ba. Ɗaki ɗaya a Zariya, ɗaya a Suleja, wanda rufinsa ba ya yoyo, ana buɗe shi kullum, ana shiga kyauta, da bayanin kowane aiki a rubuce da Hausa da Gwari da Turanci, da kasafin sayen aiki ko da biyar ne a shekara daga hannun masu zanen da ke raye. Attajiran da ke tashi zuwa Landan don ɗaukar hoto a gaban tukwanen za su iya biyan wannan da kuɗin tafiya guda.

Mu ma marubuta ba mu tsira ba. Shafi nawa muka rubuta da Hausa a kan matar nan ko a kan 'yan tawayen Zariya, a tsawon shekarun da muke jiran Bature ya rubuta mu karanta? Sai mu ajiye guɗa mu ɗauki alƙalami. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure, fili a buɗe yake, muna sauraren raddinsa a fitowa ta gaba.