WANDA YA ƁATA RUWAN JAMA'A, ƁARAWO NE



Tun a ajin farko malamai suka karantar da mu cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita saboda ƙazanta, ba a yin alwala da shi. To, ina so mu ɗauki wannan karatu mu je da shi bakin kogunanmu na Kano, mu ga abin da ake yi musu.

A unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa akwai kamfanonin jimar fata da na rini. Iyayenmu majema na da, da 'ya'yan bagaruwa suke jima. Kamfanonin yanzu kuwa da sinadarai suke aiki, babba a cikinsu shi ne kuromiyum, ga gishiri mai yawa, ga wani sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Doka ta ce a tace wannan dagwalo kafin a sake shi. Amma an daɗe ana samun masu sakinsa haka nan. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, har ya kai dam ɗin Wasai a Minjibir. Na Sharaɗa da Challawa kuwa kogin Challawa yake shiga, wanda yake haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda ake tace ruwan famfon birni.

Wa yake kwana a ciki? Manomin rani da yake ban ruwan latas da kabeji da ruwan Jakara, da mu da muke sayen ganyen a kasuwa. Sai masunci, sai makiyayi da shanunsa, sai mutanen ƙauyukan da rijiyoyinsu suke kusa da gaɓa. Ku lura da kyau: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da sinadari irin kuromiyum. Uwa za ta tafasa ta ba ɗanta, tana ganin ta yi iyakar ƙoƙarinta, alhali gubar tana nan.

Shi ya sa na ce wannan ba rashin tsafta ba ne kawai, laifi ne. Mai kamfani ya san kuɗin injin tace dagwalo. Idan ya ƙi kashewa, kuɗin bai ɓace ba, talaka ne zai biya su a asibiti da wajen 'yan garuwa. Wanda ya tura wa wani bashinsa ba da saninsa ba, me za mu kira shi?

Wani zai ce ai kamfanonin nan su ke ba 'yan uwanmu aiki. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a rufe su ba, don sana'ar fata abin alfaharin Kano ce tun kaka da kakanni. Amma ma'aikacin nan shi ma idan ya tashi aiki, wannan ruwan 'ya'yansa suke sha.

Kuma ba dokar ce babu ba. A 1988 aka gano guba sama da tan 3,000 da aka kawo daga ƙasar Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. A shekarar gwamnati ta kafa doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar FEPA. A 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin dokokin muhalli. Abin da ya rage shi ne a hukunta mai laifi komai girmansa.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Mai zuba shara da leda a kwata, da bakaniken da yake tuttular da baƙin mai a magudana, da mai haƙa masai dab da rijiyar maƙwabcinsa, duk hanya ɗaya suka bi, girman ɓarnar ne ya bambanta.

Don haka, ya ku iyayenmu, idan kun ga ruwan rafi ko na rijiya ya canja launi ko wari, a daina sha, a sanar da mai unguwa da ma'aikatar muhalli a rubuce, a kuma ajiye kwafin takardar. Mu kuma ɗalibai, mu fara da kwatar ƙofar gidanmu da ta makarantarmu.

Allah Ya sa mu gyara, amin. Wassalamu alaikum.