Cinikin Biri A Sama: Sayen Kwikwiyo Da Takarda

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, na san wasunku da ganin kan wannan magana za su yi tsaki su ce, duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasarmu, wannan yaro bai ga abin da zai ɓata wa tawada ba sai kare. To, ku yi mini haƙuri ku saurara, domin maganar ta shafi amana, da dukiya, da lafiyar yaran gida, da kuma wata cuta da ta kama mu 'yan boko, watau raina abin da ke hannunmu da girmama duk abin da ya zo da takarda da hatimi.

Duk wanda ya fito daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba ya bukatar a gaya masa dalilin da ya sa mutane suka koma neman kare. Tun kafin daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, barcin mutanen wannan yanki ya zama rabi da rabi. Kare ba ya tare harsashi, kuma duk wanda ya ce maka zai kori masu bindiga yaudararka yake yi. Amma yana jin motsin da kunnen mutum ba ya ji, haushinsa kuwa yana iya ba magidanci 'yan mintocin da zai tashi iyalinsa, balle kuma ɓarayin awaki da na babur da ba su son a tona su. Saboda haka bukatar ta gaskiya ce. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne hanyar da muke bi wajen biyanta.

Ina da wani ɗan kawuna, mutumin ƙasar Faskari, wanda bai daɗe da kama aikin gwamnati ba. Da ya tare a gidan haya a bayan gari, sai abokan aikinsa suka ce masa ai mutum kamarsa ba ya ajiye karen ƙauye, sai karen Jamus mai asali, wanda ake kira Alsashiyan. Aka haɗa shi da wani mai sayarwa a wani birni mai nisa, suka yi ciniki ta waya, aka aiko masa da hoton wani ƙaton kare aka ce shi ne uban. Ya tura kusan albashinsa na wata biyu. Ranar da motar haya ta kawo kwikwiyon cikin kwali ina nan. Ɗan mitsitsi ne, ko tsayuwa sosai ba ya yi, ga takarda mai hatimi ɗauke da sunayen kakanni cikin Turanci. Kwana tara ya yi a gidan, ya kama amai da gudawa mai jini, ya mutu. Da aka nemi mai sayarwa, sai aka tarar wayarsa a kashe, har yau. Takardar dai tana nan cikin akwati, ko ƙura ba ta yi ba.

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma ga shi mu da muka yi karatu mu ne muke yin sa. Bari mu tambayi kanmu, mece ce wannan takarda ta asali? A ƙasar Jamus, cikin 1899, wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon karnukan tsaron tumaki, ya buɗe littafi ya rubuta karensa na farko a ciki. Daga nan duk kwikwiyon da aka haifa sai a rubuta uwarsa da ubansa. A Ingila ma ƙungiyar masu karnuka ta fara irin wannan aiki tun 1873. Darajar takardar tana ga littafin da ke bayanta, da mutanen da suke tsare da littafin, waɗanda za a iya zuwa a tambaye su. In babu littafi, babu wanda za a tambaya, to takarda ce kawai, kuma duk mai kwamfuta zai iya buga goma kafin azahar.

Ko da ma an ce takardar ta gaskiya ce, sai mu sake tambaya: asalin nan, na wace ƙasa ne? Kare mai gashi biyu, wanda aka tsara don sanyin Turai, shi ne za a ɗaure a tsakar gida cikin zafin watan Afirilu. Likitocin dabbobi sun san cewa wannan iri yana yawan fama da lalurar ƙugu ta gado, kuma cutar da kaska ke sa wa karnuka ta fi yi masa illa fiye da sauran iri, har ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam. Ga tsadar abinci, ga kuɗin magani. Ban ce kada mai hali ya saya ba, amma ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ya kamata ya yi lissafi tun kafin ya kai hannu aljihu.

Alhali kuwa muna da namu masu asali, sai dai ba su da hatimi. Lokacin da nake ƙarami, akwai wani tsohon mafarauci a ƙauyenmu ta wajen Ƙanƙara, abokin kakana. In ka nuna masa kare daga cikin nasa, zai lissafa maka uwarsa da kakarsa da kakar kakarsa, ya gaya maka wadda ta fi hanci, da wadda ta fi gudu, da wadda ba ta taɓa cizon yaro ba. Ba ya ba da kwikwiyo sai an yaye shi, kuma ba ya ba wanda bai yarda da shi ba, ko nawa ya zo da shi. In ya ba ka, bayan wata guda za ka gan shi a ƙofar gidanka ya zo duba lafiyar abin da ya ba ka. Aikin da Bajamushen nan ya yi da alƙalami, shi wannan tsoho ya yi da ka, domin shi ma ya san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da zai ƙara ba mu kunya shi ne labarin karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, dogon nan siriri mai gudun tsiya, wanda yake gadin zango yana kuma kama barewa. A shekarun 1970 Turawa suka fara kwasarsa zuwa ƙasashensu, suka buɗe masa littafi, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta shigar da shi cikin jerin manyan irinta a 2019. Watau karen maƙwabtanmu ya tafi Turai ya sami takarda ya zama abin alfahari, mu kuwa muna nan muna jifan ɗan'uwansa da dutse muna kiransa karen ƙauye.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da kare? Wannan tambaya ce ta malamai, ni kuwa ɗalibi ne. Amma abin da muka karanta a zaure shi ne, shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, Suratul Ma'ida kuma ta halatta naman da horarren kare ya kamo. Littafin Risala ya ambaci hanin sayar da karnuka, sa'an nan ya nuna cewa malamai sun yi saɓani game da wanda aka yi izinin ajiyewa. Ashe ke nan ajiye kare don bukata yana da gurbi, ajiye shi don a ce wane ya waye kuwa ba shi da madogara ko a addini ko a hankali.

To, wane ne amintaccen mai kiwo, na Turai yake kiwo ko na gida? Shi ne wanda zai ce maka zo gidana ka gani, domin gani ya kori ji. Zai nuna maka uwar tana shayarwa, ka ga lafiyarta da halinta da tsabtar inda take kwana. Ba zai raba kwikwiyo da uwarsa ba sai ya kai mako takwas. Zai gaya maka aibin karensa kafin ka gano da kanka. In ya ce an yi allura, zai faɗi likitan da ya yi da inda yake, yadda za ka iya zuwa ka tambaya. Shi ma zai yi maka tambayoyi: ina za ka ajiye shi, wa zai ba shi abinci, akwai ƙananan yara a gidan? Wanda bai tambaye ka kome ba sai lambar asusu, to kuɗinka yake so. Mafi girma duka, amintaccen mai kiwo yana da gida da maƙwabta da mutuncin da yake tsoron zubarwa, ba ya ɓacewa da kashe waya.

Sai dai kada son abin gida ya rufe mana ido. Akwai abu guda da tsohon mafaraucin nan bai mallaka ba, shi ne allurar rigakafin haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar cizon kare ne, yara kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Da zarar alamunta sun bayyana, sai dai a yi ta addu'a. Alhali Louis Pasteur ya gwada rigakafinta a Faransa tun 1885, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, ta daɗe tana sarrafa allurar karnuka, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Kwikwiyo in ya kai wata uku a kai shi a yi masa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Wanda kare ya ciza kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe. Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa maganin ma babu.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwanmu masu karatun likitan dabbobi, musamman 'yan wannan yanki, su yi amfani da hutu su zauna da shugabannin mafarauta da makiyaya, a buɗe littafi, a rubuta karnukanmu na kirki da iyayensu da ranar allurarsu. Ina kira ga sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su ware ranar rigakafi, ko da a ranakun kasuwa ne, inda hanya ta ba da hali. Ga ƙananan ma'aikata kuma ina cewa, kafin ka tura albashinka ga wanda ba ka san ƙofar gidansa ba, ka fara tambayar dattawan garinku wa yake da karya mai kyawun hali. Karen bana shi ke maganin zomon bana, karen ƙasa kuma shi ya san daren ƙasarsa.

Ɗan kawun nawa yanzu yana da wani jan kare da wani makiyayi ya ba shi, ya ba da tukwicin da bai kai kuɗin motar da ta kawo na farko ba. An yi masa allura, yana cin ragowar tuwo, yana kwana a bakin zaure. Allah Ya ba mu zaman lafiyar da za mu yi barci ba tare da sauraren haushi ba, amin.