Kwabon da Kuskure Ya Ba Daraja

A wannan wata za mu leƙa Amurka, mu ga mutanen da ke tara tsofaffin kuɗin jan ƙarfe, kuma wanda aka yi kuskure wajen buga shi, shi suka fi nema.

Kwabon Amurka sunansa senti, guda 100 ke yin dala ɗaya. An fara buga shi a gidan buga kuɗi na birnin Filadelfiya a shekarar 1793. Babba ne mai nauyi, na jan ƙarfe zalla, haka kuma aka yi ta buga shi har 1857. A farkon zamanin nan da hannu ake sassaƙa hatimin ƙarfe, a dasa haruffa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ƙarti su murɗa injin da ke danna hatimin a kan jan ƙarfe. Ƙarfen hatimi yana da tsada, aikinsa kuma da wuya. Saboda haka in maƙeri ya yi kuskure, ba a cika jefar da hatimin ba, sai a ci gaba da aiki da shi.

Ga misalai. A kan wasu na 1793 an taƙaita sunan ƙasar, aka rubuta AMERI. kawai. A 1796 an dasa harafin B a juye cikin kalmar LIBERTY, wato 'yanci, da aka gyara sai ya yi kama da H, kalmar ta koma LIHERTY. A 1801 kuwa, maimakon 1/100 da ke nuna darajar kuɗin, sai aka rubuta 1/000. Akwai ma hatimi guda na shekarar nan mai kuskure har uku: ga 1/000, ga UNITED ta zama IINITED, ga kara ɗaya na furen ado ya ɓace. Wani lokaci kuma tsimi ne ya jawo: a ɗauki hatimin bara, a dasa sabuwar lamba a kan tsohuwa, kamar 1807 a kan 1806, tsohuwar tana leƙowa ta ƙasa.

Me ya sa ake son su? Domin kowane kuskure shaida ne. Da shi ake gane hatimin da ya buga kowane kwabo, har a san wanne ya riga wanne. William Sheldon ya tsara su da lambobi cikin littafinsa na 1949, shi ne kuma ya kawo ma'aunin kyan kuɗi daga 1 zuwa 70 wanda ake aiki da shi har yau. Ɗan Adam ajizi ne, ga shi bayan shekara fiye da 200 muna ganin inda hannun ma'aikaci ya goce.

To, amma sai mu yi hattara. Ana jin labarin cewa a 2015 an sayar da wani senti na 1793 a kan fiye da dala miliyan 2, sai zuciya ta tashi. A nan macuta ke samun shiga. Kuskuren hatimi dabam, lalacewa dabam. Kuskuren hatimi yana fitowa iri ɗaya sak a kan dukan kuɗin da hatimin ya buga, an kuma rubuta shi cikin littattafai. Amma kwabon da guduma ta lotsa, ko aka kankare masa lamba, darajarsa raguwa take yi. Akwai kuma na jabu da yawa. Kada mu ba da kuɗin cefane domin hoton da wani ya nuna mana a waya.

Abu na biyu, kada a goge tsohon kuɗi. Mun san halinmu, da mun ga jan ƙarfe ya yi duhu sai mu ɗauko toka da lemun tsami. Duhun nan shi masana ke so, gogewa kuwa ɓarna ce da ba ta gyaruwa. A riƙe shi ta gefe, a ajiye shi inda babu laima.

Ko ba mu taɓa riƙe senti ba, wataƙila akwai anini ko kwabo mai huji a gwangwanin kaka. A fito da su da maraice, a tara yara, a sa su karanta shekara da rubutun a hankali. Yaron da ya koyi duba kwabo da kyau, ba za a yi saurin cutarsa a kasuwa ba.

Sai wata mai zuwa.