Rage Tuwo Da Shinkafa Ga Mai Shan Maganin Suga: A Fara Duba Kwalin Magani



Makonni kaɗan da suka wuce wata baiwar Allah ta shigo kantin maganinmu a nan Kontagora hankalinta a tashe. Maigidanta, dattijo mai sayar da hatsi, ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa gab da azahar, yana ta zufa, bakinsa na rawa. Sai da maƙwabcinsa ya ɗura masa lemon kwalba ya dawo hayyacinsa. Na ce, "Hajiya, me Alhaji yake ci kwanan nan?" Ta ce, "Wallahi Anti, kwana goma ke nan ya daina tuwo da shinkafa. Wani bidiyo yaransa suka turo masa a WhatsApp, wai shi ne maganin suga." Na ce ta kawo mini kwalin maganinsa. Da na duba, sai ga glibenclamide, yana shan ta safe da yamma kamar yadda yake sha tun lokacin da yake cin malmala biyu.

Ba rage tuwon ne laifi ba. Laifin shi ne an rage abinci, an bar magani yadda yake.

Bari mu ɗan koma baya. Duk abinci mai sitaci, wato masara, dawa, gero, shinkafa, doya, rogo, dankali da burodi, yana narkewa ya zama suga a jini. Aikin sinadarin insulin, wanda fankiriyas ke fitarwa, shi ne buɗe wa sugan hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. A jikin wasu, insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, sai fankiriyas ta yi ta ƙaro shi har ta gaji. Wannan bijirewar ita ce tushen ciwon suga nau'i na 2, kuma ana yawan ganin ta ga masu teɓa da matan da ke fama da matsalar ƙwan haihuwa da ake kira PCOS. Awon safe kafin a ci komai, idan ya nuna 100 zuwa 125, mutum yana bakin ƙofa. Idan ya kai 126 ko fiye a awo biyu, ciwon ya shigo.

To, rage sitaci yana taimakawa ƙwarai: suga na sauka, teɓa na raguwa. Amma saukar tana farawa ne tun kwanakin farko, shi ya sa ya zama dole a san wane magani ake sha.

Na farko, metformin. Ita tana rage sugan da hanta ke zubawa a jini, tana kuma sa jiki ya ƙara jin insulin. Idan ita kaɗai ake sha, da wuya ta faɗar da suga ƙasa da kima, don haka mai shan ta yana da sauƙin rage sitaci. A dai sha ta tare da abinci, domin a cikin wofi takan kawo tashin zuciya da gudawa. Wanda ya yi shekaru a kanta ya nemi a duba masa bitamin B12, musamman idan yana jin ƙafafunsa na dundurusu. Matan da aka rubuta wa ita saboda PCOS su sani al'ada na iya daidaita, ciki kuma na iya shiga. Mai ciki ko mai shayarwa ba ta da hurumin yanke sitaci gaba ɗaya.

Na biyu, glibenclamide, wadda da yawa suka sani da Daonil, da 'yan uwanta glimepiride da gliclazide. Waɗannan tilasta wa fankiriyas suke yi ta fitar da insulin, ka ci ko ba ka ci ba. Nan ne Alhajinmu ya faɗa. Haka ma mai allurar insulin. A kula, akwai ƙwayoyin da aka haɗa metformin da glibenclamide ko glimepiride wuri guda, mutum yana cewa "metformin nake sha" alhali biyu yake sha. A karanta ƙananan rubutun jikin kwali, ko a kawo mana mu karanta.

Na uku, sababbin magungunan da ke fitar da suga ta fitsari, irin su dapagliflozin da empagliflozin. Idan mai shan su ya yanke sitaci sosai, irin tsarin da ake kira keto, jininsa na iya yin tsami mai haɗari alhali na'urar awo tana nuna suga lafiya lau. Amai, ciwon ciki, kasala da numfashi sama-sama su ne alamu, kuma wannan na asibiti ne nan take.

Kar a manta da maganin hawan jini. A makon farko na rage sitaci jiki kan zubar da ruwa da gishiri, jini ya sauka. Ga zafin Kontagora a watan Maris da Afrilu, ga maganin da ke sa fitsari, sai jiri ya kama mutum da ya miƙe tsaye.

Me za a yi ke nan? A fara zuwa wurin likitan da ya rubuta maganin, ko sashen masu ciwon suga a babban asibiti, a gaya masa niyyar tun kafin a fara, domin shi ne zai rage adadin maganin. Kada mutum ya rage ko ya daina da kansa. A samu na'urar awo a gida, a riƙa aunawa da safe da kuma awa biyu bayan cin abinci, ana rubutawa a littafi.

Sannan a bi a hankali. Likitoci na kiran tsari "mai ƙarancin sitaci" idan bai kai giram 130 a rana ba, keto kuwa giram 20 zuwa 50 ne. Yawancinmu ba mu buƙatar keto, aljihunmu ma ba zai ɗauki nama kullum ba. A fara da abin sha: lemon kwalba, shayi mai suga cokali uku, zoɓo da kunun zaƙi, fura mai suga. Daga nan a raba faranti: rabi ganye, kamar kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, alayyahu, kabeji, kuɓewa, kwata ɗaya kifi, ƙwai, awara ko nama, kwata ɗaya tuwo, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Wake da alale sun fi farar shinkafa, amma su ma da sitacinsu. Kuma ina roƙo, a daina cewa tuwon alkama da acca ba sa ɗaga suga. Hatsi ne, malmala biyu tasu malmala biyu ce.

Ga abin da kowa a gida ya kamata ya haddace, har yara. Rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, rikicewar magana: suga ne ya faɗi. Idan awo ya nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urar da ke amfani da ƙananan lambobi, a ba shi ƙwayar suga uku, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba. Bayan minti 15 a sake aunawa, idan bai tashi ba a maimaita, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti. Mai shan glibenclamide ko ya farfaɗo a kai shi a duba, domin maganin na daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa.

Alhaji ya koma wurin likitansa, an sauya masa magani. Jiya Hajiya ta leƙo sayen tsinken awo, ta ce yanzu malmala ɗaya yake ci da miya mai yawa, kuma akwai ƙwayar suga uku ƙulle a leda a aljihun rigarsa.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.