Gidan hambaga: abu uku da ke gaban sauri

Hambaga abinci ne da ya shahara a Amurka, kuma yau ana sayar da shi a manyan biranen duniya, har da Yamai. Yin sa ba wuya. Ana niƙa naman shanu, a dunƙula shi, a baje shi kamar waina, a gasa a bisa faffaɗan ƙarfe mai zafi. Sai a tsaga ƙaramin burodi gida biyu, a sa naman a tsakiya tare da albasa da tumatir da ganyen salati, wani lokaci har da cuku. Yawanci ana cin sa da soyayyen dankalin turawa da lemun kwalba. Sunansa ya fito ne daga Hambug, wani birni mai tashar jiragen ruwa a ƙasar Jamus.

Gidan hambaga yana da nasa tsari. Mai saye ba ya zama ya jira a zo a tambaye shi. Yana shiga layi gaban kanta, ya dubi allon da aka rubuta farashi, ya faɗi abin da yake so, ya biya, a miƙo masa abincinsa naɗe cikin takarda. In ya gama ci, shi da kansa ne ke kwashe takardun ya zuba cikin kwandon shara. Masu waɗannan gidaje suna alfahari da sauri. Amma sauri kaɗai bai isa a ce gida yana da kyau ba. Akwai abu uku da ke gabansa: naman ya gasu har ciki, wurin ya zama mai tsabta, kuma a girmama mutum.

Wannan sauri yana da tarihi. Wasu ƴan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suna da gidan abinci a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya. A 1948 suka sake masa tsari gaba ɗaya. Suka rage ire-iren abincinsu daga 25 zuwa 9. Suka daina amfani da farantai da cokula, don kada a ɓata lokaci wajen wanke-wanke. Suka raba aikin ɗakin girki kamar na masana'anta: wannan yana gashi, wancan yana sa albasa, na uku yana naɗewa. Suka riƙa sayar da hambaga guda senti 15, senti 100 kuwa su ne dalar Amurka ɗaya. A 1955 wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc ya buɗe reshe a jihar Ilinoi, a 1961 ya saye kamfanin. A 2023 gidajen McDonald's sun haura dubu 40, a ƙasashe fiye da 100.

Babu mai musun amfanin wannan dabara. Ma'aikacin da ke da hutun rabin awa yana samun abin da zai ci ya koma bakin aikinsa. Mai ƙaramin ƙarfi yana samun nama da araha, kuma ya san farashi tun kafin ya sa hannu aljihu. Wannan duka gaskiya ne. Sai dai Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa, kuma a wajen niƙaƙƙen nama maganar ta wuce ɓata lokaci, ta kai ga rai.

A ƙarshen 1992 da farkon 1993 wata annoba ta ɓarke a yammacin Amurka, musamman a jihar Washintan. Mutane fiye da 700 suka kamu da ciwon ciki da gudawa mai jini, yawancinsu yara ƙanana. Wasu ƙodarsu ta daina aiki. Yara 4 suka rasu. Da likitoci suka bi sawu, sai suka tarar cutar ta fito daga hambagan gidajen wani kamfani da ake kira Jack in the Box. Naman yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna E. coli O157:H7, wadda ke zama cikin hanjin shanu, kuma ba a gasa shi yadda ya kamata ba. Dokar jihar Washintan ta ce zafin tsakiyar naman ya kai digiri 68. Kamfanin kuwa yana bin tsohuwar ƙa'idar gwamnatin tarayya ta digiri 60. Bambancin digiri 8 ne, wato ɗan ƙarin lokaci kaɗan a bisa wuta.

Me ya sa niƙaƙƙen nama ya fi haɗari? Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire zai gane. Ƙwayoyin cuta suna manne ne a bayan tsoka, inda wuƙa da hannu da ƙura suka taɓa. In an jera tsire ko balangu gefen wuta, zafi yana faɗa musu kai tsaye ya kashe su. Amma in an niƙa nama, abin da ke waje ya koma ciki, ya gauraye ko'ina. Ban da haka, a manyan masana'antu ana haɗa naman shanu masu yawa cikin inji guda, don haka saniya ɗaya mai ɗauke da cutar tana iya ɓata nama mai yawa. Bayan hambaga yana iya yin baƙi alhali tsakiyarsa ɗanye ne. Shi ya sa a 1994 hukumar noma ta Amurka ta hana sayar da niƙaƙƙen naman shanu mai wannan ƙwaya, kuma tana ba masu girki a gida shawara su kai shi digiri 71.

Mai saye yana da abin yi. Ya ɓare naman ya duba, in ya ga ja a tsakiya ya mayar a ƙara masa wuta, ba tare da jin kunya ba. Amma launi ba ya faɗin gaskiya kullum, domin wani naman yakan sake launi tun bai gasu ba. Ma'aunin zafi da ake sokawa cikin naman ne kawai ke tabbatarwa. Saboda haka babban nauyi yana wuyan mai gidan abinci. Shi zai sayi ma'aunin, shi zai koya wa ma'aikatansa, shi ne kuma zai hana su ɗauke nama daga wuta don layi ya yi tsawo.

Abu na biyu shi ne tsabta. A farkon ƙarni na 20 Amurkawa da yawa suna ƙyamar niƙaƙƙen nama, suna zargin mahauta da ɓoye ruɓaɓɓe a ciki. A 1921 Walter Anderson da Billy Ingram suka buɗe gidan White Castle a garin Wichita na jihar Kansas. Suka shafa wa ginin farin fenti, suka sa ma'aikata tufafi masu tsabta, suka ajiye ƙarfen gashi inda kowa zai gani. Hambaga guda senti 5. Jama'a suka amince da su domin sun gani da idonsu. Wannan darasi bai tsufa ba. Gidan da ya ɓoye ɗakin girkinsa, ko ya bar ƙudaje bisa tebur, ko ya bar mai karɓar kuɗi yana taɓa burodi bai wanke hannu ba, fitilunsa masu launi ba za su cece shi ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abu na uku shi ne girmama mutum. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ma'aikacin kirki yana amsa gaisuwa, yana saurara har mai saye ya gama magana, yana yi wa yaro da tsoho haƙuri in sun daɗe suna zaɓe, kuma in an yi kuskure yana gyarawa ba da gardama ba. Amma shi ma mutum ne. Yana wuni a tsaye kusa da mai mai tafasa, agogo na bin sa, albashinsa kaɗan. A watan Nuwamba na 2012 ma'aikatan irin waɗannan gidaje a birnin Niyok suka bar aiki suka fito titi, suna neman dalar Amurka 15 a kan kowace awa. Mai gidan da ke son a yi wa baƙinsa fara'a, sai ya fara kyautata wa ma'aikatansa. Mai saye kuma ya yi sallama, ya jira layinsa, ya ce na gode, ya bar teburin yadda yake son ya tarar da shi.

Wanda ya shiga gidan hambaga, a Niyok ne ko a Yamai, kada ya riƙa duban agogo kaɗai. Ya dubi hannun mai gashi, ya dubi tebur, ya dubi tsakiyar naman. In an ce masa ya ɗan dakata naman bai gasu ba, ya san ya zo gidan kirki.

Tambayoyi

1. Waɗanne canje-canje ne ƴan'uwan McDonald suka yi a 1948?
2. Me ya sa niƙaƙƙen nama ya fi tsire bukatar wuta har ciki?
3. Ta yaya gidan White Castle ya sa jama'a suka amince da shi?
4. Mene ne haƙƙin mai saye, mene ne kuma haƙƙin mai sayarwa?