Kuɗin Tsaron Wuraren Ibada a Amurka: Wa Ake Bari a Waje?

Ranar 27 ga Afrilu, 2019, wani matashi ɗauke da bindiga ya kutsa wurin ibadar Yahudawa na Chabad da ke Poway a jihar Kalifoniya, ya kashe mace ɗaya, ya raunata mutum uku. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, gwamnati ta riga ta amince wa wurin da dala 150,000 don ƙarfafa tsaronsa. Cike-ciken takardu ya ci watanni, izinin taɓa kuɗin ya iso ana saura makonni kaɗan a kai harin. Ba a kai ga fara aiki ba.

Kuɗin na wani shiri ne da ake kira NSGP, wanda hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke riƙe da shi a ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida. An fara shi a 2005 da dala miliyan 25, bayan faɗi-tashin ƙungiyoyin Yahudawa a majalisa, amma ƙofarsa a buɗe take ga masallatai da majami'u da makarantun addini da duk wata ƙungiyar da ba ta neman riba, muddin tana fuskantar barazana. Da shi ake sayen kyamarori, a sa ƙofofi masu ƙarfi, a kafa turakun da ke tare mota, a ɗauki masu gadi.

Wanda ya bi lissafin zai ga kusan duk ƙarin da aka yi, sai da jini ya zuba tukuna. Dala miliyan 60 ne a 2018, shekarar da aka kashe masu ibada 11 a Pittsburgh. Ya kai miliyan 180 a 2021, miliyan 305 a 2023. A 2024, da yaƙin Gaza ya ƙara hura wutar ƙiyayya ga Yahudawa da Musulmi, abin da aka raba a zagayen shekarar ya haura miliyan 450. Duk da haka, abin da masu nema suka roƙa ya doshi dala biliyan ɗaya, kuma fiye da rabinsu sun tashi hannu rabbana.

Ba na cikin masu cewa asara ce. A Halle ta Jamus, a Oktoban 2019, ƙofa ce ta ƙi buɗuwa ga ɗan bindiga, mutum kusan hamsin da ke ciki suka tsira, ko da yake ya huce kan bayin Allah biyu a waje. A Colleyville ta Texas, a Janairun 2022, malamin Yahudawan da aka yi garkuwa da shi ya jefi maharin da kujera suka tsere, ya kuma ce horon tsaro da ya samu ne ya cece su. Duk wanda ya yi sallar Juma'a a Kano bayan harin babban masallaci na 2014, ya tsaya a layi ana laluben aljihunsa, ya san darajar wannan da kuma ɗacinsa.

Damuwata tana kan yadda ake rabon. Mai nema sai ya kawo rahoton binciken raunin gininsa, ya rubuta hujjar buƙatarsa da Turancin ofis, ya yi rajista a rumbun gwamnati, jiha ta ba shi maki, sannan tarayya ta tace. In ya ci, ba a miƙa masa kuɗi a hannu. Shi zai fara kashe nasa, ya kai rasit, ya jira a mayar masa. Babbar cibiya mai lauya da akawu da ajiya a banki, wannan ba komai ba ne a gare ta. To ina ƙaramin masallacin 'yan Afirka ta Yamma a Bronx, wanda shago ne aka kama haya, kuɗin wata ke fitowa daga sadakar direbobin tasi? Wa zai ranta musu dala dubu ɗari? Ƙofarsu gilashi ce a bakin titi, su ne suka fi rauni, su ne kuma tsarin ya fi wahalarwa. Haka ƙananan majami'un baƙar fata na kudanci, irin waɗanda kisan mutum tara a Charleston a 2015 ya nuna cewa an sa musu ido.

Sai ga 2025 ta zo da abin da ya fi wannan muni. Da farko an tsayar da mayar da kuɗi na wani lokaci da sunan bincike, mutanen da suka riga suka biya 'yan kwangila suka zauna jiran tsammani. Daga nan ma'aikatar ta fito da sababbin sharuɗɗan tallafinta, ciki har da ba jami'an shige da fice haɗin kai, da barin shirye-shiryen daidaito tsakanin jinsuna da launuka, da nisantar ƙaurace wa Isra'ila. An yi ta muhawara kan wane sharaɗi ne ya hau kan wuraren ibada, amma tsoron ya riga ya shiga. Ƙungiyar CAIR mai kare haƙƙin Musulmi ta shawarci masallatai su dakata da nema, wasu malaman Yahudawa da fastoci suka sa hannu a wasiƙa cewa ba za su karɓa a kan haka ba.

Limamin da rabin sahunsa baƙin haure ne, gaba kura baya siyaki. In ya sa hannu, mamu za su daina zuwa don gudun a kama su a bakin ƙofar da kuɗin gwamnati ya gyara. In ya ƙi, ƙofar ta zauna yadda take. Kare ran mai ibada nauyi ne a kan hukuma tun kafin a ƙirƙiro wani tallafi, kuma bai kamata a haɗa shi da ra'ayin mutum kan bakin iyaka ko Gabas ta Tsakiya ba. Majalisa na da ikon cire sharuɗɗan, ta kuma yarda a riƙa ba ƙananan wurare wani kaso tun kafin su fara aiki. Barazanar kuwa ba zato ba ce: masallacin Dar Al-Farooq na Minnesota da aka jefa wa bam a Agustan 2017, ana shirin sallar asuba abin ya faru, mutane na ciki.