Ra'ayinmu: Yadda yaƙin Hitila ya raba Kano da Damagaram

Yawancin dattawan da suka ga yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin da ya rage a bakin jama'a shi ne labarin sojojin da aka kai Bama da kuma wahalar gishiri da kananzir da yadi. To amma akwai ɓangaren yaƙin da ya kamata duk mai cin kasuwar Ƙonni ko Jibiya ko Maigatari ko Kusiri ya sani, domin a bakin iyakarsa abin ya faru.

A ranar 22 ga watan Yuni na 1940 Faransa ta miƙa wuya ga Jamus. Marshal Petan ya kafa gwamnati mai ɗasawa da Hitila a garin Vichy, shi kuwa Janar Dagol ya tsere Landan, inda tun ranar 18 ga watan ya shiga rediyon BBC ya ce faɗa bai ƙare ba, Firaminista Cocil na Ingila kuma ya mara masa baya. Sai aka wayi gari kowane gwamnan Faransa a Afirka tilas ya zaɓi ubangida. Babu wanda ya nemi shawarar Sarkin Damagaram, balle ta madugun ayari.

Babban gwamna na Dakar, Pierre Boisson, wanda Nijar ke ƙarƙashinsa, ya zaɓi Vichy. A watan Satumba na 1940 jiragen ruwan Ingila da na Dagol suka tasar wa Dakar, aka kwana uku ana luguden wuta, suka koma hannu rabbana. Daga nan Kano da Damagaram, masu harshe ɗaya da auratayya da bashin juna, suka zama sansanoni biyu masu gaba. Aka tsaurara iyaka, mai koro shanu ko jakan kanwa zuwa kudu, hanyar da ya gada kaka da kakanni, ya zama ɗan fasa-ƙwauri a idon jami'i, wani lokaci ma ɗan leƙen asiri. Haka aka zauna har watan Nuwamba na 1942, lokacin da sojojin Amurka da Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya, sannan Boisson ya ga iska ta juya shi ma ya juya.

A Cadi labarin daban ne, kuma nan darasin yake. Gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Giyana ta Faransa, ya bayyana goyon bayansa ga Dagol ranar 26 ga watan Agusta na 1940. Ana yabonsa da ƙin mulkin masu wariyar launi, kuma ya cancanci yabon, amma fa har da lissafin kasuwa a ciki. Cadi ba ta da teku, cinikinta ya dogara da Najeriya, kuma sai da ya tattauna da Turawan Ingila na can kafin ya buɗe baki. A ganinmu ya fi Boisson hangen nesa, domin ya duba ta inda abincin mutanensa ke shigowa kafin ya zaɓi aboki. Washegari Leclerc ya shiga Duwala da kwale-kwale, Kamaru ma ta bi Dagol.

Wannan zaɓi ya yi tasiri a fagen daga. Daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, Leclerc ya keta sahara da 'yan ɗaruruwan sojoji, akasarinsu baƙaƙe, ya ƙwace Kufra a Libiya daga hannun Italiya ranar 1 ga watan Maris na 1941. Jiragen saman Ingila da ake harhaɗawa a Takoradi suna bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa samaniyar Cadi zuwa Hartum da Alƙahira. Jamusawa sun san darajar hanyar, shi ya sa a watan Janairu na 1942 jirginsu ya zo har Fort-Lamy ya yi ruwan bama-bamai.

Sakayyar da aka yi wa sojojinmu kuwa, sai dai a yi shiru. Ranar 1 ga watan Disamba na 1944 aka buɗe wuta a kan waɗanda suka nemi haƙƙinsu a sansanin Thiaroye na Senegal, fanshon saura kuma aka daskarar da shi a 1959, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai a 2011.

Abin da ya sa muka tono wannan tarihi shi ne har yanzu manya ba su daina huce fushinsu a kan iyaka ba. Najeriya ta rufe tata a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake garƙame ta har watan Maris na 2024. Albasa ta ruɓe cikin manyan motoci, magani ya yi tsada, kuma babu shugaba ko ɗaya da ya kwana da yunwa saboda haka.

Muna kira ga Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971 kuma ofishinta ke Yamai, da ta sa gwamnatocin biyu su rubuta a takarda cewa kowace irin rigima ta taso, hatsi da dabbobi da magani za su ci gaba da wucewa, kuma ba za a sauke shinge ba sai an ba motocin da ke kan hanya wa'adin isa gida. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi na ɓangarorin biyu su haɗa hannu su kai wannan buƙata yanzu, tun hanya na buɗe.